Gwajin Makarantar Oak: Shin Zaton Malami Yana Ƙara wa Yaro Basira?

A shekarar 1963 wata shugabar makarantar firamare a garin South San Francisco na jihar Kalifoniya a Amurka, Lenore Jacobson, ta ci karo da wata maƙala a mujallar American Scientist. Wanda ya rubuta ta, Robert Rosenthal, a wancan lokaci malami ne a fannin nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard. Abin da ya tsaya masa a rai a lokacin shi ne yadda zaton mai bincike ke kutsawa cikin sakamakon bincikensa ba tare da shi kansa ya ankara ba. A cikin maƙalar ya jefa tambaya: idan haka na faruwa a ɗakin gwaji, me zai hana ya faru a aji, tsakanin malami da ɗalibinsa? Jacobson ta rubuta masa wasiƙa, ta ce duk ranar da ya shirya gwada wannan a kan yaran makaranta, tana nan a shirye ta taimaka. Wannan wasiƙa ce silar binciken da ya yi suna ƙwarai a ilimin halayyar koyo da koyarwa, kuma ya sha sukar da kaɗan ne suka sha irinta. Mai son ya gane abin da ake nufi da rukunin gwaji, da zaɓe ta hanyar ƙuri'a, da ingancin ma'auni, zai same su duka a wannan lamari guda, wasu an yi su yadda ya kamata, wasu kuwa an yi musu sakaci.

Da ɓeraye aka fara. Rosenthal da abokin aikinsa Kermit Fode sun raba wa ɗaliban jami'a 12 ɓeraye, kowa biyar, su koya musu bin hanya a cikin wani akwatin gwaji mai rassa biyu. Rabin ɗaliban aka ce musu ɓerayensu irin masu kaifin ƙwaƙwalwa ne, sauran aka ce nasu daƙiƙai ne. Alhali duk iri ɗaya ne, ƙuri'a ce kawai ta raba su. Cikin kwana biyar ɓerayen da aka yi wa laƙabin basira suka fi sauran gano hanya. Da aka tambayi ɗaliban, masu riƙe da waɗannan ɓerayen suka ce sun fi yawan taɓa su, kuma a hankali suke ɗaukar su. Ɓeran dai bai san me aka ce a kansa ba, don haka bambancin daga hannun mai riƙe da shi ya fito.

Yadda aka tsara gwajin

Makarantar Jacobson, wadda ita da Rosenthal suka sakaya sunanta suka kira ta Oak, tana da aji 1 zuwa aji 6, kuma kowane mataki an kasa shi uku bisa iya karatu: na gaba, na tsakiya, na baya. Azuzuwa 18 ke nan. Yawancin iyayen yaran masu ƙaramin ƙarfi ne, kusan ɗaya cikin shida na yaran kuwa 'yan asalin Meziko ne.

A 1964, kafin a tafi dogon hutu, aka yi wa yaran wata jarrabawa. An shaida wa malamai cewa sabuwa ce daga Harvard, wadda ke iya gano yaron da basirarsa ke gab da buɗewa, wato wanda zai yi zarra a shekara mai zuwa ko da yanzu ba a ga alama ba. Babu irin wannan jarrabawa. Abin da aka ba yaran jarrabawar auna basira ce da aka riga aka wallafa, ta John Flanagan, wadda ake taƙaita sunanta da TOGA. Sassa biyu gare ta: ɗaya na sanin kalmomi da abubuwan yau da kullum, ɗaya na tunani, inda ake nuna wa yaro zane-zane a ce ya fitar da wanda bai dace da sauran ba.

Da aka dawo hutu, sai aka miƙa wa kowane malami 'yar takarda mai ɗauke da sunayen wasu yara a ajinsa, kimanin kashi 20 cikin 100 na yaran makarantar, aka ce waɗannan su ne jarrabawar ta nuna za su yi zarra. Sunayen ba su da alaƙa da makin kowa. Da jadawalin lambobin ƙuri'a aka zaɓo su. Ba a faɗa wa yaran ba, ba a faɗa wa iyayensu ba, ba a kuma ce wa malaman su yi wani abu na daban ba. Aka sake jarrabawar bayan zango ɗaya, aka sake a ƙarshen shekarar karatu a 1965, sannan aka sake a 1966, bayan yaran sun koma hannun wasu malaman da ba su san zancen ba.

Ya kamata a ba wannan tsari haƙƙinsa, domin ƙuri'ar nan ita ce ƙashin bayan binciken. A ce mutum ya shiga makaranta ya tambayi malamai su wa suke sa ran za su yi ƙoƙari, ya dawo bayan shekara ya tarar waɗannan yaran ne suka yi ƙoƙarin. Me ya gano? Kusan babu komai. Wataƙila zaton malamin ne ya ɗaga su. Wataƙila kuma malamin ya dai iya kallon yara ne, ya hango abin da dama zai faru ko yana nan ko ba ya nan. Alaƙa tsakanin abu biyu ba ta faɗa maka wanne ya haifi wanne. Amma idan ƙuri'a ce ta zaɓi yaran, to ɗan mai hali da ɗan talaka, mai ƙwazo da malalaci, wanda ya karya kumallo da wanda ya zo da yunwa, duk suna da dama iri ɗaya ta faɗawa kowane ɓangare. Yaran da sunansu ya hau takarda su ne rukunin gwaji, sauran su ne rukunin kwatanci. Abu ɗaya tak mai bincike ya sauya da hannunsa, shi ne abin da ke cikin kan malami, abu ɗaya kuma zai auna, shi ne ƙarin makin da yaro ya samu.

Akwai wani abin da suka ƙi yi da gangan. Ba su ba kowane malami sunan yaro suka ce wannan zai koma baya ba, domin idan hasashensu gaskiya ne, yin haka cutar da yaro ne. Sun yi daidai. Sai dai wannan ya sa gwajin bai taɓa auna ɓangaren da ya fi damun mutane ba, wato ɓarnar da mummunan zato ke yi.

Abin da alƙaluma suka nuna

A ƙarshen shekarar farko, yara 320 ne ke da cikakken maki, 65 a rukunin gwaji, 255 a rukunin kwatanci. Rukunin kwatanci ya ƙaru da matsakaicin maki 8.4 a ma'aunin IQ, wato ma'aunin basira, rukunin gwaji ya ƙaru da 12.2. Tazarar ba ta kai maki 4 ba.

Idan aka rarrabe su aji-aji sai hoton ya sauya. A aji 1, rukunin gwaji ya ƙaru da maki 27.4, na kwatanci da 12.0. A aji 2, 16.5 da 7.0. A aji 3 kunnen doki aka yi, 5.0 da 5.0. A aji 4 akwai 'yar tazara ta kusan maki 3. A aji 5 da aji 6 babu wani bambanci, rukunin kwatanci ma ya ɗan ɗara da kaɗan. Ke nan duk labarin yana aji 1 da aji 2, kuma yaran rukunin gwaji a waɗannan matakai biyu su 7 ne da 12. Yara 19. A gwajin 1966 fifikon da ƙananan suka samu ya dushe, sai ya ɓulla a wajen waɗanda suke aji 5 lokacin da aka ba da sunayen, abin da ke da wuyar bayani.

Sakamako ɗaya daga cikin rahoton ya fi taɓa ni. An nemi malamai su siffanta halayen yaransu a ƙarshen shekara. Yaran rukunin gwaji sun samu yabo: masu son sani, masu fara'a, masu alamar za su yi nasara a rayuwa. Amma a cikin yaran da ba a sa sunansu ba akwai waɗanda su ma makinsu ya tashi, kuma gwargwadon tashinsa gwargwadon yadda malamai suka rage yaba halinsu, musamman a azuzuwan baya. Yaro ya yi ƙoƙarin da ba a tsammace shi da shi ba, sai ƙoƙarin ya zame masa kamar laifi.

An fara wallafa taƙaitaccen rahoto a 1966, jaridar New York Times ta ɗauki labarin a 1967, sannan cikakken littafin, *Pygmalion in the Classroom*, ya fito a 1968. Ya faɗo a kan gaɓa. Amurka na tsakiyar gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ana ta muhawara kan dalilin da ya sa 'ya'yan talakawa ke faɗuwa a makaranta, ga kuma amsa mai daɗin ji, mai arha: a gyara zaton malami, yara su tashi. Labarin ya bazu, kuma yana bazuwa yana ƙara kumbura. A bakin mutane, tazarar maki 4 ta koma mu'ujiza, azuzuwa huɗu na sama da ba a ga komai a cikinsu ba kuwa aka manta da su.

Inda gizo ke saƙar

A cikin 1968 ɗin, Robert Thorndike na Jami'ar Columbia, ƙwararre a fannin auna basira, ya yi wa littafin sharhi mai zafi. Bai ce zaton malami ba ya tasiri ba. Cewa ya yi alƙaluman da aka kawo ba za su iya zama hujja a kan komai ba. Bai kuma je da nisa ba, teburan da ke bayan littafin ya buɗe.

A ma'aunin IQ, maki 100 shi ne tsaka-tsaki. Kusan kashi biyu cikin uku na mutane suna tsakanin 85 da 115, kuma daga 70 zuwa ƙasa ake fara zancen naƙasar fahimta. To a jarrabawar farko, a sashen tunani, matsakaicin makin yaran da za su shiga aji 1 shi ne 58. A ɗaya daga cikin azuzuwan ukun, matsakaicin aji guda sukutum 31 ne. Waɗannan yara ne lafiyayyu da ke zuwa makaranta da ƙafarsu, suna magana, suna wasa, suna koyon karatu. Ba zai yiwu aji guda na irinsu ya kasance da maki 31 ba. Thorndike ya kawo misalin agogon bango: idan ya buga sau 13, ba bugun ƙarshen kaɗai za ka yi wa shakka ba, har duk waɗanda suka gabace shi.

Me ya faru? Ka dubi yadda abin yake a zahiri. Yaro ne ɗan shekara biyar ko shida, yana ajin share fage, an zaunar da shi cikin tarin 'yan uwansa, an ba shi ɗan littafi da fensir, malama na karanta umarni daga gaban aji. Bai saba da zaɓar amsa ɗaya cikin biyar ba. Ya yi alama a biyu ko uku, ya rasa inda ake, ya bar sauran ba komai. Makinsa na ainihi sai ya faɗi ƙasa da abin da zai samu da canke kawai ya yi. Jadawalin da ke mayar da wannan maki zuwa IQ kuwa an gina shi ne don tsakanin 60 da 160. Duk abin da ya fita daga nan ƙiyasi ne, an ja layi ne zuwa inda ba a taɓa aunawa ba. Bayan shekara yaron ya saba da fensir da takarda, ya amsa tambayoyi da dama, sai alƙalami ya nuna basirarsa ta yi tsalle. Abin da aka auna a karon farko shi ne ko yaro ya gane yadda ake jarrabawa, ba kaifin tunaninsa ba. Wannan shi ne matsalar inganci: ma'aunin bai auna abin da aka ce yana aunawa ba. Akwai kuma matsalar tabbata, wato idan aka maimaita awo a kan yaro guda, a samu abin da ya yi kusa da na farko.

Richard Snow na Jami'ar Stanford da Janet Elashoff sun karɓi ainihin makin yaran suka sake lissafi, suka wallafa a 1971. Sun tarar da yaron da ya fara da maki 17, a gwaje-gwajen baya ya samu 148, da 110, da 112. Da Snow ya sake komawa kan batun a 1995, ya nuna cewa akwai yara biyar a rukunin gwaji da makinsu ya yi tashin da hankali ba zai ɗauka ba: daga 17 zuwa 110, daga 18 zuwa 122, daga 133 zuwa 202, daga 111 zuwa 208, daga 113 zuwa 211. Idan aka cire waɗannan biyar, ko aka cire duk makin da ya fita daga iyakar 60 zuwa 160, tazarar da ke tsakanin rukunan biyu sai ta ɓace.

Akwai kuma wani giɓin. Babu wanda ya zauna a azuzuwan ya ga abin da malaman suka yi. An sa zato a farkon shekara, an auna maki a ƙarshenta, tsakiyar kuwa duhu. Da aka tambayi malaman daga baya, da yawansu ba su iya tuna sunayen da aka ba su ba, wasu suka ce kallo ɗaya suka yi wa takardar. Idan malami bai riƙe sunan ba, ta wace hanya zaton ya isa ga yaron?

Rosenthal bai yi shiru ba, kuma amsarsa tana da ƙarfi. Ya ce idan ma'aunin yana da hayaniya, hayaniyar ta shafi rukunan biyu daidai wa daida, tunda ƙuri'a ce ta raba su. Ma'auni maras tabbas yakan ɓoye bambanci ne, ba ya ƙirƙiro shi. A ƙa'ida wannan gaskiya ne, kuma cire yara daga lissafi bayan an ga sakamako shi ma abu ne da ake yi da taka-tsantsan. Amma a ganina ƙa'idar tana aiki ne idan yaran suna da yawa. Ƙuri'a tana daidaita ɗaruruwa, ba ta da alkawarin daidaita yara bakwai. A rukuni ƙarami haka, yaro ɗaya da makinsa ya tashi da 90 ya isa ya ja matsakaicin rukunin da kusan maki 13 shi kaɗai. Saboda haka na fi karkata ga Thorndike da Snow a kan wannan gwaji na Oak: an yi tambaya mai kyau, an yi tsari mai kyau, aka auna da abin da bai dace da ƙananan yara ba, kuma a wajen ƙananan yaran ne kaɗai aka ga tasirin.

Abin da ya rage bayan an tace

Rushewar hujja ɗaya ba ta nufin maganar ƙarya ce. Abin da ke raba gardama shi ne wasu su maimaita. An maimaita, sakamako ya zo a gauraye. William Claiborn ya gwada a 1969 bai ga komai ba. Wasu sun ga ɗan tasiri. A 1978 Rosenthal da Donald Rubin suka tattara bincike 345 kan tasirin zato a fagage dabam-dabam, ba aji kaɗai ba, suka nuna cewa abin yana nan, ba sa'a ba ce. Wannan rigima na cikin abubuwan da suka haɓaka dabarar haɗa sakamakon bincike masu yawa a yi musu lissafi guda, wadda a yau likitoci da masana ilimi suka dogara da ita.

Aikin da na fi ganin ya warware ƙullin shi ne na Stephen Raudenbush a 1984. Ya tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi kan zaton malami da makin IQ. Da ya haɗa su, matsakaicin tasirin ƙarami ne, bai kai maki 2 ba. Sai ya yi wata tambayar: kafin a ba malami sunayen, tsawon wane lokaci ya yi da yaran? Nan amsar ta fito. Inda malami bai wuce mako biyu da sanin yaran ba, ana ganin tasiri. Inda ya daɗe da su, tasirin kusan babu. Dalilin a fili yake, gani ya kori ji. Malamin da ya yi wata uku yana duba littafin yaro ba zai sauya ra'ayi don wani baƙo ya miƙo masa takarda ba. Ke nan da yawa daga cikin gwaje-gwajen da suka gaza ba su nuna zato ba ya aiki ba, sun dai kasa dasa zaton ne tun farko. Raudenbush ya kuma ga tasirin ya fi a aji 1 da 2, sannan ya sake bayyana a aji 7, shekarar da yara ke shiga sabuwar makaranta inda ba wanda ya san su.

Giɓin da Oak ya bari na rashin kallon aji, wasu ne suka cike shi da wata hanyar bincike, wato zama a lura. A 1970 Jere Brophy da Thomas Good suka nemi malaman azuzuwa huɗu na aji 1 su jera yaransu daga na sama zuwa na ƙasa, sannan suka zauna suna ƙirga duk wata mu'amala tsakanin malami da yaro. Yaron da ake kyautata wa zato, idan ya amsa daidai ya fi samun yabo, idan ya kuskure ya fi tsira daga faɗa, kuma malami kan maimaita masa tambayar ko ya sauya mata fasali. Wanda ba a sa rai da shi, idan ya yi shiru sai a wuce. Kusan kashi 15 cikin 100 na amsoshin yaran ƙasa malami bai ce musu komai a kai ba, a wajen yaran sama kuwa kusan kashi 3 ne. A shekarar kuma Ray Rist ya wallafa abin da ya gani a wani ajin share fage a birnin St. Louis, inda malama ta raba yara tebur uku a rana ta takwas da fara karatu, ba tare da wata jarrabawa ba. Rabon ya bi sutura da tsafta da yadda yaro ke magana da abin da aka sani game da gidansu, kuma ya bi yaran har aji 2. Aji ɗaya Rist ya bi, don haka ba za a ce haka ake ko'ina ba. Amma ya nuna abin da teburin maki ba zai nuna ba. Daga irin waɗannan ayyuka Rosenthal ya taƙaita hanyoyin da zato ke bi zuwa huɗu: sakin fuska da kusanci, yawan abin da ake koya wa yaro da zurfinsa, damar da ake ba shi ya yi magana, da irin martanin da yake samu.

A 2005 Lee Jussim da Kent Harber suka yi bitar aikin shekara 35 a kan batun. Sun kammala cewa zaton malami yana iya cika kansa, amma galibi tasirin ƙarami ne, kuma ya fi dushewa da tafiyar shekaru maimakon ya taru. Babban dalilin da ya sa zaton malamai ke dacewa da sakamakon yara shi ne malaman sukan hango daidai. Sun kuma ga alamar tasirin ya fi ƙarfi a kan yaran da al'umma ta riga ta raina, kamar 'ya'yan talakawa. Wannan bai kai labarin 1968 armashi ba, amma shi ne abin da ya jure bincike. Yana kuma wanke malamai daga zargin da aka ɗora musu na cewa duk faɗuwar yaro daga zuciyarsu take, alhali akwai yunwa, da cunkoso, da rashin littafi.

Inda abin ya shafe mu

A Amurka aka yi wannan bincike, a azuzuwan da yaransu ba su kai yawan namu ba, don haka ba daidai ba ne a kwaso alƙalumansa a ɗora wa makarantar Kano ko ta Damagaram. Amma abubuwa biyu sun shafe mu kai tsaye. Na farko ma'auni. Yaron da Hausa yake ji a gida, aka yi masa jarrabawar lissafi ko ta tunani da Turanci ko Faransanci a aji 1, yana cikin halin da yaran Oak suka shiga a gwajin farko. Sifirin da ya samu na iya zama na harshe, ba na lissafi ba. Idan aka ɗauki wannan maki aka tura shi ajin baya, ko aka fara kiran sa daƙiƙi, an gina zato a kan awo maras inganci, kuma an yi haka a daidai shekarun da binciken Raudenbush ya nuna zato ya fi kama yaro.

Na biyu yadda muke bincike. Ɗalibin kwalejin ilimi ko jami'a da zai rubuta kundin kammala karatu kan wannan batu, abin da ya fi sauƙi gare shi shi ne ya raba wa malamai takardar tambayoyi: shin ka yarda zaton malami yana shafar ƙoƙarin ɗalibi? Kusan kowa zai ce ya yarda, a fitar da matsakaici, a rubuta cewa bincike ya tabbatar. Abin da aka auna a nan ra'ayin malamai ne, ba abin da ke faruwa a aji ba. Ba kuma malamin da zai rubuta da hannunsa cewa yana wuce yaron baya idan ya yi shiru, domin yawanci bai san yana yi ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba ta buƙatar kuɗi ko yaudarar kowa. Mary Budd Rowe, a farkon shekarun 1970, ta naɗi muryoyin darussan kimiyya ta auna tsawon shirun da malami ke yi bayan ya yi tambaya. Ta tarar matsakaicinsa kusan daƙiƙa ɗaya ne, yaran da malami ke ganin su ne na sama yakan jira su kusan daƙiƙa biyu, na ƙasa kuwa ba ya cika musu ɗaya. Da aka horar da malamai su kai daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Ɗalibi mai waya a aljihu zai iya irin wannan aiki. Ya nemi izinin shugaban makaranta da na malamin, ya roƙi malamin ya jera yaransa bisa yadda yake ganin ƙoƙarinsu, ya rufe jerin a ambulan bai duba ba. Ya naɗi darussa da dama har malamin ya saba da zamansa ya daina gyara hali. Sannan mutum biyu, kowa shi kaɗai, su saurara su rubuta wa aka tambaya, daƙiƙa nawa aka jira shi, da abin da aka ce masa bayan ya amsa. A gwada lissafin mutum biyun a ga ko sun dace. Sai bayan an gama duk wannan a buɗe ambulan.